Kwabban kaka: yadda ake gane tsohon kuɗin tagulla da yadda ake sa masa farashi

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan rasuwar kakanmu mun buɗe adakarsa muka tarar da gwangwani cike da tsofaffin kuɗi. Yawancinsu masu huji ne, wasu farare wasu jajaye. Akwai mai sunan Edward VIII na 1936, akwai manya marasa huji masu kan sarkin Ingila, akwai kuma wani mai kauri da tauraro a jikinsa an rubuta 1288. Wani ya ce mini na 1936 ɗin kuɗinsa miliyoyi ne, amma sai na wanke su da lemon tsami, kuma na biya kuɗin rajista kafin a haɗa ni da mai saye. Yaya ake sanin darajar irin waɗannan?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan kaka, ya kai haske kabarinsa, ya yi wa bayansa albarka.

Abu biyu ne na gaggawa kafin mu shiga bayani. Kada ka wanke ko ƙwaya ɗaya, da lemon tsami ne ko tsamiya ko toka ko man goge ƙarfe. Kada kuma ka tura wa kowa ko sisin kwabo da sunan rajista ko gwaji ko kuɗin takarda. A wannan sana'a mai saye shi ke biya, kuma gidajen gwanjo na gaskiya sai kaya ya sayu suke cire la'adarsu daga cikin cinikin. Duk wanda ya nemi ka fara sa hannu a aljihu, aljihun naka yake nema, ba kwabban ba.

Abin da ya fi wahalar shiga kan mutane shi ne tsufa ba shi ke sa wa kwabo kuɗi ba. Ana samun kuɗin tagulla na Rumawa na zamanin Sarki Kustantin, wanda ya haura shekara 1600, ana sayar da shi da araha a Turai, don an buga su ba iyaka kuma har gobe ana tono su tuli-tuli. A ɗaya ɓangaren kuma ga kwabon Ingila na 1933, wanda bai cika shekara ɗari ba, amma waɗanda aka sani ba su wuce bakwai ba, wasu ma an binne su a ƙarƙashin harsashin gine-gine, shi ya sa in ɗaya ya fito gwanjo ake maganar dubban fam masu yawa. Masu tara kuɗin da suna bin tambayoyi uku ne a jere: shin mene ne wannan takamaimai, a wane hali ya iso hannunmu, sannan su wa ke nemansa. Wanda ya tsallake ta farko ya faɗa ta uku, ko dai a cuce shi ko ya cuci wani.

Mu fara da masu hujin, tun da su suka fi yawa a gwangwaninka. Waɗannan kuɗin Afirka ta Yamma ne na zamanin mulkin Ingila, waɗanda suka yi aiki a Najeriya da Gana, wadda ake kira Gwalkwas a lokacin, da Saliyo da Gambiya. An fara buga su a 1907, a lokacin da wuri ke riƙe da ƙananan cinikayya a kasuwanninmu, kuma an huda su ne don a iya zura su a zare. A fuska ɗaya akwai kambi a saman hujin, da sunan sarkin Ingila a kewaye, da ƙimar kuɗin da Turanci da kuma rubutun Larabci a ƙasa. A ɗaya fuskar tauraro ne mai tsini shida da shekara. Iri uku ne: kwabo, da ɗari wato rabinsa, da anini wanda goma ke yin kwabo. Aninin farko na 1907 da sanholo aka yi shi, yana cikin kuɗin sanholo na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure yanayinmu ba, ya riƙa zagwanyewa, sai aka canja ƙarfen a 1908. In ka sami aninin da ka ɗaga ka ji kamar ba ka riƙe komai ba, ware shi daban.

Duba rubutun da ke kewaye da tauraron. Na shekarun farko har 1911 suna ɗauke da sunan Najeriya tare da na Afirka ta Yamma, daga 1912 kuma, shekarar da aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma, aka bar sunan Najeriya. Fararen da ka gani ba azurfa ba ne, haɗin jan ƙarfe ne da nikel, kashi uku cikin huɗu ma jan ƙarfen ne, nikel ɗin ne ya rinjayi launin. Jajayen su ne na tagulla, kuma su ne yara a cikin gwangwanin, domin sai a 1952 aka koma buga masu hujin da tagulla, aka ci gaba da sunan Sarauniya Elizabeth har wajen 1958. Daga nan sai na Tarayyar Najeriya masu shekarar 1959, su ma da huji da tauraro, waɗanda suka zo da buɗe Babban Bankin Najeriya, suka yi aiki har naira da kobo suka karɓe su a 1973. Waɗannan na 1959 an buga su miliyoyi masu ɗimbin yawa, kusan babu tsohon gidan da za a rasa su.

Shekara kaɗai ba ta gama bayani. Nemi gilashin ƙara girma irin na masu gyaran agogo ko waya, wanda ke ninka abu sau biyar zuwa goma, ka dudduba kewayen hujin. Za ka ga wasu da ɗan mitsitsin harafi H, wasu KN, wasu SA, wasu babu komai. H na nufin an buga shi a masana'antar Heaton da ke Bamingam, KN ta King's Norton ce a can Bamingam ɗin, SA ta Piritoriya ce a Afirka ta Kudu, wanda babu harafi kuma daga masana'antar gwamnati ta Landan ya fito. Kwabo biyu masu shekara ɗaya, ɗaya ana iya auna shi da mudu, ɗayan a sha wahala kafin a gan shi, bambancinsu wannan ɗan harafin ne kawai. Haka abin yake a manyan marasa hujin da ka ambata, waɗanda kwabban Ingila ne na can gida. A cikin na Sarki George V, masu tarawa suna ware na 1912 mai H, da na 1918 da 1919 masu H ko KN, harafin yana gefen hagu na shekarar a ƙasan matar da ke zaune riƙe da mashi. Na 1926 ma kai biyu gare shi, tsohon zanen kan sarki da wanda aka gyara, kuma gyararren ya fi wuyar samu nesa ba kusa ba.

Yanzu ga na Edward VIII. Labarin da aka ba ka yana da tushe, sai dai an karkatar da shi. Wannan sarki ya hau gado a Janairun 1936 ya sauka a Disambar shekarar, kuma a Ingila ba a kai ga sakin kuɗi mai hotonsa ba, don haka 'yan gwajin da aka buga a can suna da tsadar gaske. Amma mu nan kuɗinmu mai huji ne, ba ya buƙatar hoton kai, suna kawai ake canjawa, saboda haka aka buga kwabo da ɗari da anini da sunansa miliyoyi, kamar yadda aka yi a Afirka ta Gabas da Fiji da Niyu Gini. Da ya sauka kuma mutane suka yi ta ɓoye su suna zaton za su yi tsada, wannan ya sa masu kyau ma suka yi yawa. A yau yana cikin masu sauƙin samu. Ban so in kashe maka gwiwa ba, amma gara ka ji daga bakin da ba ya neman komai a wurinka.

Akwai dai inda ya kamata ka buɗe ido sosai. Kowace fuska ta kwabo hatiminta daban, kuma a masana'antar Heaton an taɓa yin kuskuren haɗa hatimai biyu da ba na juna ba. Akwai kwabon 1936 mai tauraron Afirka ta Yamma amma ɗayar fuskar ta wani kuɗin Afirka ta Gabas ce mai ƙimar santi goma. Akwai mai shekarar 1945 da sunan Edward VIII, shekara tara bayan saukarsa. Akwai mai 1956 da sunan George VI, wanda ya rasu tun 1952. Waɗannan su ne abin nema na gaske a cikin masu huji, kuma ba a gane su sai an juya kowane kwabo an gwama sunan sarkin da shekarar. Aikin na cin lokaci, amma shi ne mafi amfani da za ka yi wa gwangwanin nan.

Mai kaurin nan na 1288, bisa yadda ka siffanta shi, fulus ne na Maroko. Shekarar ta Hijira ce, sai dai Magaribawa da lambobin da muke kira na boko suke rubutu, shi ya sa mutane ke zaton kuɗi ne na shekara ɗari bakwai da wani abu. Lissafin ba wuya: ninka shekarar Hijira da 0.97 ka ƙara 622, za ka ga 1288 ta faɗa 1871, zamanin Sultan Sidi Muhammad na huɗu. A ɗayar fuskar sau da yawa akan ga sunan garin da aka yi shi, Fas ko Marrakesh. Zuba su aka yi a jere ba bugawa ba, sannan a kakkarye su, don haka za ka ga wani ɗan tsiro ko karaya a gefe. An yi su da yawa, farashinsu kaɗan ne, amma ni ina ƙaunarsu, domin ba za ka ga biyu iri ɗaya sak ba. In kuma kaka ya yi aikin Hajji ta ƙasa, ta Cadi da Sudan, mai yiwuwa ka ga na Daular Usmaniyya ko na Masar. Su lambobi biyu suke ɗauka: shekarar hawan sarki da shekarar mulkinsa. In ka ga 1277, hawan Sultan Abdul'aziz ke nan, in kuma ga 10 a wani wuri, to shekara ta goma ce ta mulkinsa, wato 1286, daidai da 1869. A nan mu da muka tashi da karatun allo mun fi yawancin Turawan da ke tara su sauƙi, muna karanta inda aka buga da sunan sarki kai tsaye.

In ka gane ko mene ne, sai a zo ga halin da yake ciki, kuma nan ne ilimin ya fi zurfi, nan ne ake yawan jayayya. 'Yan kasuwar Ingila suna da matakai da suke taƙaitawa da haruffa. F shi ne wanda ya sha hannu sosai amma zane da rubutu duk suna karantuwa. VF ya ɗan goge a wurare masu tudu kawai. EF sai an sa ido kafin a ga alamar hannu, kuma yakan riƙe ragowar sheƙinsa. UNC shi ne wanda bai taɓa shiga kasuwa ba. Amurkawa kuma lamba suke sawa daga 1 zuwa 70, kuma wannan ma'auni a kan tagulla aka haife shi. Dakta William Sheldon ne ya fito da shi a 1949 don manyan santin jan ƙarfe na Amurka waɗanda aka fara bugawa a 1793. Tunaninsa shi ne kowane iri yana da farashin tushe a matakin 1, in ka ninka da lambar sai ka sami kuɗinsa, wato mai 70 ya ninka mai 1 sau saba'in. Kasuwa ba ta daɗe ba ta karya wannan lissafi, yau tazarar ta wuce haka nesa, amma lambobin sun zauna: 12 na daidai da F, 20 da VF, 40 da EF, daga 60 zuwa 70 kuma waɗanda ba a kashe ba. Ka lura dai 'yan Ingila sun fi tsanani, abin da suka kira EF sau da yawa Ba'amurke zai sa shi sama da haka.

Ga yadda ake dubawa. Shimfiɗa tawul mai laushi a tebur don ko ya suɓuce. Riƙe kwabon ta gefensa da yatsu biyu, kada yatsa ya taɓa fuskar, gumin hannu yakan bar tambarin da ba ya fita. Kashe sauran fitilu ka bar ɗaya, ka riƙa karkata shi a hankali. A mai huji fara da kambin: ƙananan duwatsun da ke jere a jikinsa suna rarrabe ɗaya-ɗaya, ko sun narke sun zama layi guda? Juya ka duba tauraron, inda layin wannan kusurwa ya hau kan na waccan. A sabon kwabo kana ganin wanne ne a sama wanne a ƙasa, a wanda ya sha yawo mahaɗar ta baje. A mai kan George V kuwa kunne da gashin baki da gashin da ke saman kunne su ke fara gogewa, a baya kuma garkuwa da yatsun matar. Yayin da kake karkatawa, in ka ga wani haske yana zagaya fuskar yana bin hannunka, wannan shi ne sheƙin asali, wanda matsin bugu ya bari a fatar ƙarfen. Da zarar ya tafi babu mai dawo da shi, kuma da shi ake raba gogewar hannu da raunin bugu: in wuri ya baje amma sheƙin na kwance a kansa, tun daga masana'anta ya fito haka.

Tagulla tana da abin da azurfa da zinariya ba su da shi, wato launi na shiga cikin farashi. Sabon kwabo ja ne, iska na taɓa shi yana duhu har ya koma ruwan ƙasa. Kamfanonin tantancewa irin su PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987, waɗanda ke rufe kwabo a cikin roba da lambarsa, suna ƙara RD ga wanda ya riƙe jansa, RB ga mai rabi da rabi, BN ga wanda ya gama komawa ruwan ƙasa. Wannan ne ke rudar mutane su ce to bari mu mayar da shi ja. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Lemon tsami da tsamiya suna cinye fatar saman ne, su bar wani launi fatsi-fatsi mai kama da hoda wanda ba ya sheƙi, kuma duhun yakan maƙale a lungunan haruffa ya tona asirin. Toka da man goge ƙarfe kuma suna barin siraran ƙarce-ƙarce masu bin hanya ɗaya, fitila ɗaya ta isa ta nuna su. Kamfanonin nan in suka ga haka ba sa ba da lamba ma, sai su rubuta cewa an wanke, farashi kuwa ya faɗi warwas.

A nan ina tare da 'yan ƙungiyar masu tara tsofaffin tagullar Amurka, wadda ake kira EAC, da aka kafa a 1967. Su ba sa tsayawa ga kaifin zane. Sukan fara da matakin da zanen ya nuna, sannan su rage saboda duk wani aibi: ƙarce, lotsawar gefe, ramukan tsatsa, mummunan launi. Kwabon da zanensa ya kai 40 yana iya saukowa 20 ko ƙasa. Wasu na ganin tsananin ya yi yawa, ni kuwa ina ganin shi ne adalci ga wannan ƙarfe. Dillalin shanu na ƙwarai ba ya tsayawa ga girman ƙaho, sai ya buɗe baki ya taɓa fata ya ga tafiya. A ba ni VF mai santsin fata, launin ruwan ƙasa bai ɗaya, na fi son sa a kan EF da aka ƙwaƙule, kuma kasuwa ma haka take yi in an zo biya.

Kwabbanmu na nan suna da nasu aibobin da ya kamata ka sani. Zare yakan faɗaɗa hujin ko ya goge bakinsa. Wasu an yi musu ƙarin huji don ado, wasu an liƙa musu kunne aka mai da su maɓalli ko abin wuya, wasu an sa su a ƙarƙashin ƙusar rufin kwano sun lanƙwashe. Duk waɗannan a idon mai tarawa lalacewa ce, ko da a idon mai tarihi shaida ce ta yadda aka rayu da su. Sai kuma kore, wanda iri biyu ne. Akwai mai tauri da santsi wanda ya zauna daram, wannan a bar shi, kariya ce. Akwai kuma mai haske, gari-gari, wanda in ka taɓa da tsinken sakace yake zuba. Wannan ciwo ne, gishiri da laima ke haddasa shi, yana cin ƙarfen yana barin rami, kuma garinsa na iya shafar na kusa da shi. Fitar da irinsu yau ɗin nan ka ajiye su daban a busasshen wuri.

Game da ajiya, gwangwani ba wurin zamansu ba ne, suna gogar juna, damina kuma tana shiga. Sa kowanne a ƙaramin ambulan na takarda ka rubuta bayaninsa a kai, ka jefa 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake samu a kwalin takalmi ko magani. Guji leda mai laushi irin ta PVC, tana fitar da wani maiƙo kore. In ƙurar hunturu ta hau, hure ta da abin hura iska, kada ka goge da tsumma, ƙurar yashi ce.

Batun jabu ba zai dame ka sosai ba, tun da kayan gado ne kuma ba mai ɓata lokaci ya ƙirƙiri abin da ba shi da tsada. Amma ka san alamun. Kwabon da asalinsa bugawa aka yi, in ka gan shi da layin haɗi a gefe, da ƙananan ƙuraje ko ramuka, da haruffa masu kumburi, to zubi ne. Mayen ƙarfe ba ya kama tagulla, ba ya kama fararen masu huji, in ya kama to ƙarfe ne aka yi wa rufi, kamar kobo 10 da 25 namu na 1991. Sikelin masu sayar da gwal ma na taimakawa: kwabon tagulla na Ingila daga 1860 nauyinsa giram 9.4 ne, katon nan na 1797 da Matthew Boulton ya buga da injin tururi kuma oza guda ne cur, wajen giram 28. Jabun da ya fi haɗari shi ne kwabo na gaske da aka taɓa, a liƙa masa H ko KN, ko a sassaƙa lambar ƙarshe ta koma 1933. Gilashi zai nuna maka fatar wurin ta bambanta da ta kewaye.

Sai farashi. Da ka san ƙasa da shekara da harafi da mataki, shiga shafin Numista ka nemo shi, za ka ga lambarsa ta KM, wato lambar da aka ba shi a kundin jerin kuɗaɗen duniya, wadda 'yan kasuwa ke amfani da ita, da yawan da aka buga. Sannan ka nemi abin da aka biya, ba abin da aka yi talla ba. Kowa na iya ɗora anini a eBay ya rubuta masa miliyan, hoton irin wannan talla ne ma 'yan damfara ke turawa a WhatsApp. Duba waɗanda suka sayu, ka kuma duba sakamakon gidajen gwanjo irin su Spink da Noonans a Landan da Heritage a Amurka. Kwatanta da mai mataki irin naka, don tsakanin F da UNC na kwabo iri ɗaya tazarar na iya ninkawa sau goma ko fi. Ka sa a ranka kuma ɗan kasuwa ba zai ba ka farashin da zai sayar ba, dole ya bar wa kansa riba, ga kuɗin aikawa. Tura kwabo waje a tantance shi a rufe a roba yana da tsada, bai dace ba sai ga wanda ka tabbata ya ninka kuɗin aikin.

Gaskiyar da zan faɗa maka ita ce akasarin abin da ke gwangwani irin wannan, masu huji da suka sha hannu da kwabban Ingila gama-gari, a waje tuli ake sayar da su, kowanne bai kai dala ɗaya ba. Haka za ka gan su a tire wurin masu kayan gargajiya a kasuwar Kurmi. Kada wannan ya sa ka miƙa wa 'yan gwangwan su auna a kilo, don a can za a narke mai wuya da gama-gari tare. Kada kuma ka yarda wani ya zo ya tsince uku ko huɗu ya bar maka saura kafin ka gama dubawa da kanka. Tun da gado ne, sanar da sauran magada abin da ake ciki kafin a sayar da komai. Shawarata ku ware saiti guda na gida, anini da ɗari da kwabo, in akwai taro da sisi da sule a haɗa, a rubuta sunan kaka da garin da ya yi kasuwanci a ajiye tare. Yaran yanzu suna jin ana cewa ba ni da ko anini, amma ba su taɓa riƙe shi ba.

Abin da nake so ka turo mini: hoton fuska da baya da gefe na duk mai shekarar 1936 da 1945 da 1956, da kowane anini na 1907 ko 1908, da kwabban Ingila na 1912 da 1918 da 1919 da 1926, da mai 1288 ɗin. Ɗauki hoton da rana a inuwa kusa da taga, a kan farar takarda, ba tare da filashi ba, ka ajiye rula a gefe don a ga faɗinsa, in ka sami sikeli ka rubuta nauyin kowanne a ƙarƙashinsa.